Laimar da Ke Kan Keken Hatsue

Yao, Osaka
Farkon Oktoba

Zuwa ga ɗana Kiyoto,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan sanyin Sapporo bai fara cin ƙashinka ba, kuma tarin mahaifinka ya yi sauƙi. Ka ce masa 'yar ƙanin ubansa tana nan da ranta, kada ya fara kakkaɓe baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Ni lafiya lau, in ka cire gwiwar hagu da ta kumbura ta yi shuɗi.

Na san rabonmu tun bikin ƙanwarka, kuma zumuncinmu sai an zauna ake gano bakin zarensa. Amma kai kaɗai ne a dangi kake cin abinci da gyaran keke, don haka kai zan dama.

Faɗuwa na yi. Ina tafe a kan tudun bakin kogin Yamato, laimata a buɗe a kan maƙalarta da ke ɗaure a kan keken, iska ta taso daga ruwa ta shige ƙarƙashinta, sai ga ni a ciyawa ƙafa sama, lemuna suna gangarawa kogi. Ban karye ba. Keken ne ya ji jiki. Hannun birkin dama ya lanƙwashe, in na matse ba ya kamawa, sarƙa tana zamewa, tayar gaba kuma tana rangaji.

Na tura shi shagon mai gyaran unguwarmu, mutumin ya hau sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Hatsue-san, ɗanki Michio ya zo nan."

"To? Shi ne ya lanƙwashe ko keken?"

"Ya ce shekara saba'in da huɗu..."

"Shekarun nawa ne. Za ka gyara ko in wuce?"

Na wuce. Shekara talatin ina ba mutumin nan alewa, yau ya zama ɗan aiken Michio.

Bari in gaya maka dalilin da ba zan ajiye keken ba, tun kafin a riga ni. Mijina, kawunka Torao, yana gidan kula da tsofaffi a ƙetaren kogi. Mantuwa ta cinye shi. Bai san Michio ba, bai san sunan garinmu ba, fuskata ma in na tsaya a gabansa haka kawai bai san ta ba. Amma kullum da hantsi yana sa a tura shi bakin taga, inda ake hango tudun kogin. Da ya ga keke da jar laima a tsaye a kansa, sai ya ce da mai kula da shi, "Ga Hatsue nan." Tun muna da shagon tofu, wato awara, haka nake kai kaya, rana ko ruwa, laima a buɗe. In na shigo bayan ya ga wannan, ni matarsa ce, yana cin abinci a hannuna, har tsiya yake yi mini. In bai gani ba, ni wata tsohuwa ce kawai.

Saboda haka ka rubuto mini yadda zan gyara da kaina. Akwatin kayan aikin Torao yana nan, da sifana da filaya da sukundireba. Kada ka kira ni a waya, kunnena na dama ya yi ritaya. Takarda nake so, in jingina ta a kwandon keke ina dubawa ina yi.

Gwaggonka,
Hatsue

Sapporo
Tsakiyar Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Hatsue,

Barka da arziki, Gwaggo. Na yi murna da wasiƙarki, na kuma ji tsoro. Baba ya samu sauƙi, ya ce in gaya miki kwat ɗin ta matse shi, don haka ki daure ki jira ya rame. Ki riƙa ɗora wa gwiwar tsumma mai sanyi.

Ga abin da za ki yi. Ki kafa keken a kan jak ɗinsa a wuri mai haske. Hannun birkin da ya lanƙwashe kada ki miƙar da shi da filaya, ƙarfen da ya taɓa lanƙwashewa karyewa yake yi ranar da aka fi buƙatarsa. Sabo za a sa. Ki duba robobin birki biyu da ke matse bakin taya. In tsagin da ke jikinsu ya shafe sun yi sumul, sun gama aiki. Ki matse birki, in hannun ya taɓa kan keken, waya ta saki. Ki sassauta notin da ya riƙe ta, ki ja ta da filaya kaɗan, ki ɗaure. In kin matse, ya kamata yatsanki ya iya shiga tsakani.

Sarƙa kuwa, ki goge ta da tsumma tukuna, sannan ki ɗiga mai ki juya feda baya, ki sake gogewa. Na san ku, man girki kuke zuba mata. Kada ki yi, ƙasa yake tarawa. Kuma kada mai ya taɓa bakin taya ko robar birki. Ki danna tayar da babban yatsa, in ta lotsa ki ƙara iska.

Rangajin tayar gaba shi ya fi damuna. Ki ɗaga gaban keken ki juya tayar. In wayoyinta ne suka saki, wannan mai sauƙi ne. Amma ki duba ƙarfen da ya riƙe ta daga sama, mai ƙafa biyu. In kin ga tsaga ko fenti ya tattare, keken nan ya gama, kada ki sake hawansa.

Yanzu abin da ba za ki so ji ba. Ki cire maƙalar laimar. Na san a Osaka kowace uwa tana da ita, na san kuna ganin da ita aka haife ku. Amma buɗaɗɗiyar laima a kan keke kama iska take yi, kuma kan keken take ja, wato hannunki. A bakin kogi ba abin da ke tare iskar. Ba tsautsayi ne ya kayar da ke ba, laimar ce, kuma za ta sake.

Ba zan ɓoye miki ba, Michio ya kira ni. Yana tsoro ne, Gwaggo.

Ɗanki,
Kiyoto

Yao
Ƙarshen Oktoba

Kiyoto,

Ina gaisuwa. Gwiwa ta sauka, ta koma rawaya. Lafiyar ke nan, ba ni da lokacin sauran.

Ashe Michio ya kira ka. Da ka fara da wannan a layin farko, ai da ka hutar da ni. "Keken nan ya gama, kada ki sake hawansa." Na karanta, na ji muryar ɗana tsaf, har da yadda yake tura tabarau da yatsa. Shi ya karanto maka kana rubutawa? Na nemi makaniki, an aiko mini da limamin jana'izar keke.

Duk da haka na bi takardarka, don ba ni da wata. Na ja wayar birki, na fasa farce biyu. Na goge sarƙa, baƙin da ya fito sai ka ce tun zamanin kakarka take tarawa. Ta daina zamewa, wannan na yaba maka. Ƙarfen gaban na duba shi da gilashin karatu, na shafa shi da yatsa. Ba tsaga, ba komai. Ka gaya wa mai gidanka Michio.

Ka san abin da ya faru da na bi shawarar Michio na tafi ba keke? Na hau jirgin ƙasa, na sauka, na hau bas, na shiga ta ƙofar gaba kamar mai kawo wasiƙa. Torao yana bakin taga. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Tsoho, na zo." Ya juyo, ya sunkuyar da kai da ladabi, ya ce, "Sannu da aiki, an gode." Abin da yake gaya wa masu shara ke nan. Sai ya mayar da ido kan tudun kogin. Na kai masa cokali baki, ya kau da kai.

"Bari tukuna," in ji shi, "matata tana hanya."

Na zauna kusa da shi har azahar muna jiran matarsa tare. Na ji haushi, Kiyoto, na ji baƙin cikin da ban taɓa ji ba, kuma ba wanda zan mara. Nanase mai kula da shi ta ce tun da na daina zuwa da keke rabin kwano yake ci, wani lokacin ya tsaya a miya.

Kai kuma kana can kana koya mini iska. Na san iskar kogin nan tun ba a yi auren uwarka ba. Wani ɗan sanda ma ya taɓa tsayar da ni a kan laimar, yaro ƙarami, hula ta fi kansa girma.

"Iya, wannan abin yana da haɗari."

"A hannu na riƙe ta?"

"A'a, amma..."

"Ai riƙewa a hannu kuka hana. Ungo alewa, ka bar tare hanya."

Ya karɓa kuwa. Maƙala tana nan inda Torao ya ɗaura ta da hannunsa. Ka aiko mini da hannun birki da robobi, in kana da niyya. In babu, ka faɗa a fili.

Hatsue

Yao
Tsakiyar Nuwamba

Kiyoto,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru, ba kunya ba. Kullum ina buɗe akwatin wasiƙu, ba komai sai tallar masu sayar da kabari. Na gane, amsarka ke nan.

Michio ya zo ranar Lahadi ya tarar da ni a tsakar gida da sifana. Washegari na fito na ga ya zagaye keken da sarƙa mai kauri ya ɗaure shi a jikin bututun ruwa, ya tafi da makulli. Keken uwarsa, a gidan uwarsa.

Torao ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Jiya bai nemi a kai shi taga ba sai da Nanase ta tuna masa. Wannan shi ne abin da nake tsoro, ranar da zai daina jira.

Akwai zarton ƙarfe a akwatinsa. Ban tambaye ka yadda ake yanka sarƙa ba, zan gano da kaina.

Hatsue

Sapporo
Ƙarshen Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ki ajiye zarton. Ba kunya ba ce ta hana ni rubutu. Baba ne ya zame a ƙanƙarar farko ya karya ƙugu, ina asibiti da shi, wasiƙunki biyu kuma a shago suka jira ni. An yi masa aiki, yana zagin abincinsu, wato ya fara warkewa.

Kin yi mini mummunan karatu. Na ce in kin ga tsaga, ke kuma kika tsallake "in". Gaskiya ne Michio ya roƙe ni in ce miki keken ba ya gyaruwa. Na ce masa ban taɓa yi wa keke ƙarya ba, ba zan fara da na Gwaggo ba. Ya kashe mini waya. Ba ɗan aikensa ba ne ni. Amma ba ɗan amshinki ba ne kuma, gara ki sani.

A cikin kwalin nan akwai hannun birki, da robobi, da sabuwar waya, da fitilar gaba, da hular kwano, da rigar ruwa. Robobin akwai na hagu da na dama, na yi musu alama. Su zauna a kan ƙarfen bakin taya, kada su gogi robar tayar. In kin gama, ki tura keken ki matse birkin gaba da ƙarfi, ya kamata bayan ya ɗaga. Ki sauke sirdin har tafin ƙafarki biyu su taka ƙasa. Rigar ruwan gajera na zaɓa don kada taya ta kama ta. Hular na san za ki ce ta sa kin yi kama da naman kaza, wato laimar kwaɗi. Ki sa, ki ɗaure igiyar a haɓa.

Sai hanya. Hannun hagu, Gwaggo, kullum, ba duk inda inuwa take ba. In za ki juya dama a mararraba, kada ki yanka ta tsakiya kamar mota. Ki miƙe ki haye, ki tsaya, ki juya keken, ki jira fitila ta sake ba ki hannu. Inda aka rubuta a tsaya, ki sa ƙafa a ƙasa. Shekarunki sun ba ki damar bin gefen masu ƙafa, amma a hankali, kuma hanyar tasu ce, ba a kore su da ƙararrawa.

Na kwana biyu ina tunanin Kawu a kujerar asibitin nan. Ga abin da na samo. Wanda ya sauka yana tura keke, a doka mai tafiya a ƙasa ne. Ki tafi da laimar a naɗe. In kin iso inda tagarsa take hangowa, ki sauka, ki buɗe ta a kan maƙalar, ki tura. Zai ga keke, zai ga jar laima, ke kuma ƙafarki tana ƙasa. Na rubuta wa Michio haka, na ce ya ba ki makullin. Amma hawa da laima a buɗe a kan tudun nan, ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba ko za ki daina gaishe ni.

Ɗanki,
Kiyoto

Yao
Disamba

Ɗana Kiyoto,

Gaisuwa da ban haƙuri, amma ɗan kaɗan, kada ka saba. Yaya ƙugun mahaifinka? Ka ce masa mu da muke faɗuwa a ciyawa mun fi shi dabara. Na aika masa lemu, kada ka cinye a hanya.

Kaya sun iso, na ɗaura komai. Birki yanzu yana kamawa har na kusa tashi ta kan kwando. Michio ya zo da makullin a aljihu, ya zagaya keken, ya matse nan ya matse can kamar ya san abin da yake nema.

"Mama, in kika karya ƙugu, wa zai kula da ke?"

"Kai. Ba don haka na haife ka ba?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma. Ubanka yana bushewa a bakin taga, kai kana gadin bututun ruwa."

Ya cire tabarau ya goge ido, sai na ga yaron ya yi furfura ban lura ba. Ya sa na yi alkawari zan bi takardarka, ya buɗe kwaɗon.

Na bi ta kuwa. Hular naman kaza a kaina, hannun hagu, na haye mararraba sau biyu kamar 'yar makaranta, matar mai kifi tana yi mini dariya. Da na iso daidai tagar na sauka, na buɗe laima, na tura. Na hango shi a kujerarsa. Na ga ya miƙo wuya, na ce to, dabarar Kiyoto ta ci.

Ina shiga na ji muryarsa tun daga matakala. Kuka yake yi, Kiyoto. Mutumin da bai yi hawaye ba ranar da muka rufe shago. Ya riƙe hannun Nanase yana jijjiga ta.

"An kawo kekenta. Wata ce ta turo shi. Ita tana ina? Wane asibiti?"

Kai ba za ka sani ba, ni ce ya kamata in tuna. A unguwarmu, in mota ta buge mai kai kaya, maƙwabci ne yake turo kekensa gida, da kayan a kai. In ka ga ana turo keken mutum, ba ka tambayar lafiya. Kuma Torao bai taɓa ganina ina tura keke ba, ko lokacin da nake da cikin Michio.

Na ce, "Tsoho, ga ni." Ya dube ni ya ce, "Ke kika kawo? Ki gaya mini gaskiya, tana da rai?"

Na juya. Na sauka, na ɗauki keken, na koma kan tudun can baya inda ba ya gani. Na tsaya na dubi ciyawar bakin ruwa, tana kaɗawa amma ba ta kwanta ba. Na buɗe laima, na ɗaure hularka a haɓa, na hau. Na wuce ta gaban tagar a zaune a kan sirdi, a hankali, yatsuna a kan birkinka.

Da na shigo ya share fuska, yana hura hanci.

"Kin makara," ya ce. "Wata mahaukaciya ta zo nan ta tayar mini da hankali. Mene ne wannan a kanki?"

Ya cinye shinkafar tas, ya ce miyar ba gishiri.

To ga matsayata, kuma na faɗa wa Michio da bakina a ranar, ba ɓoyewa nake yi ba. Ya kashe waya, har yanzu bai sake kira ba, bai kuma dawo da sarƙar ba. Daga ƙofar gidana zuwa kan tudun, dokarka ce: hula, hagu, laima a naɗe, ƙafa a ƙasa inda aka ce a tsaya. In ciyawa ta kwanta, zan jira a gindin gada har iska ta lafa. Amma ɗan guntun nan da tagarsa take gani, a kan sirdi zan wuce shi, da laima a buɗe, muddin yana zama a wurin. Na san za ta iya sake kayar da ni. Na sani sarai, ba sai ka sake rubutawa ba.

Abu ɗaya ya rage. Notin da ya riƙe maƙalar ya saki tun faɗuwar, laimar tana karkata hagu, kuma duk sifanun Torao sun yi masa girma. Ban ce ka yarda ba. Ka faɗa mini wace sifana zan nema, ka kuma ce ta wane gefe ake ɗaurewa.

Gwaggonka,
Hatsue